A-kori-kurar da ba ta ribas

Yanzu haka ina cikin wani lungu a garin Babban Mutum, da buhunan gero cike da bayan mota, kuma lungun ba ya ɓullewa.

Shekaranjiya na sayi tsohuwar a-kori-kurar nan wajen wani dattijo a Daura, don jigilar hatsi. Da na gwada ta na ce, "Baba, ai ba ta yin ribas."

Ko kallona bai yi ba ya ce, "Kai da ka fito neman abinci, me ka bari a baya?"

Wallahi maganar ta shige ni. Har godiya na yi masa.

Wanda ke kusa ya zo mu tura. Masu nasiha kuma ku rubuto, yau ina da lokaci.