Teburin da Iro ya yi wa zaman sulhu

Da safen nan ina tsaka da shan koko aka bugo mini waya. An harbe Iro mai fenti jiya da la'asar a gonarsa ta Runka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wanda bai san shi ba a Batsari ya san aikinsa. Teburan masu shayi da na masu tsire da kuke gani da furanni a gefe, hannunsa ne. Tsohon hoton eksire na asibiti yake samowa, ya yanke zane a jiki da reza, ya shimfiɗa a kan katako, ya dangwali fenti da soso ya bi ramukan. Idan ya ɗaga, sai ga fure. Na taɓa ce masa rabin haƙarƙarin mutanen garin nan yana shagonsa. Ya ce, “Har da naka, Farfesa. Na duba, ba komai a ciki sai surutu.”

Ni ba farfesa ba ne, malamin sakandare ne. Shi ya naɗa ni.

Launi kuwa ba ya saye a haɗe. Ja da shuɗi da fari da ruwan ɗorawa kawai yake ajiyewa, sauran a gwangwanin madara yake haɗawa da tsinke. Teburin da nake ɗora littattafaina, shi ya ga ya koɗe, ya ɗaure shi a bayan mashin ba tare da ya tambaye ni ba. Bayan kwana uku ya dawo da shi kore mai sanyi. Wai idona ya huta.

Daga Runka ya gudo nan, bayan 'yan bindiga sun kashe yayansa. Shekaru bai taka gonarsu ba. Ba abin da yake so a duniya irin ya koma ya yi shuka.

Sai aka ce za a yi zaman sulhu da mutanen daji. 'Yan kwamiti suka kawo masa dogon tebur, suka ce a yi masa ado, tunda za a ɗauki hotuna.

Na same shi yana yanke zangarniyar gero a jikin eksire. Na ce, “Iro, waɗanda suka kashe yayanka za ka yi wa kwalliya?”

Bai ɗago kai ba. Ya ce, “Farfesa, kai da alli kake cin abinci. Ni gona nake so.”

Kwana biyu ya yi yana neman launi ɗaya. Ya ɗiga ja, ya motsa, ya shafa a bayan hannunsa, ya fita rana ya duba, ya dawo ya zubar. Ya ce ba kore yake nema ba, ba kuma ruwan ɗorawa ba, launin gero yake nema idan saura sati a yi girbi. Da ya samu, ya zagaye teburin kaf da zangarnu.

“In sun zauna,” in ji shi, “ina so su ga abin da suka hana mu.”

Sun zauna. Kun ga hotunan, wasunku ma sun sa musu alamar so. A kan geron mutanen dajin suka jera bindigoginsu, manyanmu kuma suka jera ruwan gora. Na duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda ya sunkuya ya kalli teburin ba.

Amma Iro ya gaskata. Da damina ta faɗi ya koma ya yi shuka.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Juma'ar da ta wuce ne. An dawo masa da teburin, bindigogi sun kankare fentin a wurare da yawa. Yana ta haɗi yana tsaki. Ya ce, “Abin da ka haɗa da hannu ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu.” Sai ya saki fuska, ya ce geronsa ya fid da kai, zai je ya karyo mini tumu in gasa.

Na ce, “To, ka dai tafi da takalmin gudu.”

Ya yi dariya. Ni ma na yi.

An ce ba waɗanda suka zauna a teburin ba ne suka harbe shi, wasu ne daban. Kullum wasu ne daban.

Kafin azahar muka kai shi makwancinsa. Muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, wani ɗan kwamiti ya zo, ya yi doguwar addu'a, muka shafa. Sai ya matso kusa da ni, ya rage murya.

“Malam, ko ka san ya gama gyaran teburin? Akwai zama na biyu sati mai zuwa.”

Na ce masa bai gama ba.

Allah Ya jiƙan Iro, Ya karɓi shahadarsa, Ya haskaka kabarinsa, Ya riƙa wa iyalinsa. Geronsa yana can tsaye, ba mai iya zuwa ya girbe. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya tsaya a danna alama. Ya ɗaga hannu ya roƙa masa gafara.