Madubin Ƙarfen Kawu Labbo

Duk wanda ya taɓa shiga rumfar Kawu Labbo a Jega Magaji ya san ba a ba shi hannu. "Tsaya nan, hannunka da maiƙo!" Haka yake tarbar kowa, har liman. Sana'arsa zuba tukwane, amma zuciyarsa na kan wani faifan ƙarfe mai ɗan zurfi da ya haɗa da tagulla da kuza, yana ta guga shekara da shekaru. So yake ya zama madubin hangen sama, ya tsinci jinjirin wata da aikin hannunsa.

Inna Hajo, matarsa, ta taɓa neman farantinta na tagulla ta rasa.

"Malam, ina hwarantina na aure?"

"Shina nan, Hajo. Ya samu ci gaba."

Awonsa kuwa da kyandir da reza ne. Sai ya rufe rumfa, ya kafa ido a bakin rezar yana karanta inuwar da ke kan madubin, ya gane inda tudu ya rage. Wata rana ina ciki tare da shi, na yi tari sau ɗaya, ya ce, "Kulu, in numfashi za ki yi, ki tai waje. Kina kumbura mini ƙarhe!"

Abokinsa Alhaji Mamman, mai albasa a Aliero, shi ne sarkin tsokana. "Labbo, wanga kwano dai na shanyar kuɓewa na!" Kawu ya ɗauki madubin. Ya fito da shi rana, ya ɗan karkata shi. Can sai hular Alhaji ta fara hayaƙi.

"Wuta! Jama'a, wuta!"

"Haba Alhaji, kwano na hwa. Mi zai yi maka?"

Shekarar da ya gama madubin, yanar ido ta rufe masa gani. Duk da haka, jajibirin azumi ya sa aka ɗora madubin cikin bututun leƙawa da ya ƙera masa a kan amalanke, har bayan gonakin Giwa Tazo. Mutane suka biyo, rabinsu dariya ta kawo su.

"Kulu, ke za ki duba."

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu! Na leƙa. Ga jinjirin wata nan, siriri kamar yankan farce.

"Kawu, ya tsaya," na ce a hankali.

"Ɗaga murya, ɗiyata, Alhaji bai jiya ba!"

Na ɗaga kuwa, har na bayan amalanke suka yi kabbara.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, Ya buɗe maka ido a inda babu yana.