Na Haɗe Robobi Biyu, Dattijo Ya Rasa Yatsunsa

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ku sakaya sunana. Shekaruna talatin da takwas lokacin da na je umara na ƙi dawowa. Mijina ya rasu, ya bar mini yara huɗu, na ajiye su wurin mahaifiyata a wani ƙauye kusa da Funtuwa. A Jidda na zauna a unguwar Karantina, ɗaki ɗaya mu biyar, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafili, wato ubangidan da zai tsaya mini. Kullum da safe ina hawa mota zuwa arewacin gari, inda nake aikatau a gidan wani dattijo Balarabe da matarsa. Ina ce masa Ammi, wato baffana, shi kuma yana ce mini ya binti, wato 'yata. Shekara uku na yi a gidan bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma duk Juma'a sai ya tambaye ni lafiyar yarana ɗaya bayan ɗaya.

Ammi tsohon injiniya ne, ya yi ritaya. Abin da yake so a duniya shi ne harbin takarda. Akwai wani filin harbi a bayan gari inda suke haɗuwa da abokansa, a kafa takarda mai zagaye-zagaye, kowa ya gwada saitinsa. Yana da wata doguwar bindiga wadda ke cin ƙananan harsasai irin na bindigar hannu. Da yake kafaɗarsa na ciwo, da kansa yake ɗura harsasansa, ya sa musu albarushi kaɗan don kada bindigar ta riƙa bugunsa. A wani ɗan ɗaki bayan gareji yake wannan aiki. Nakan kai masa shayi in tarar da shi da tabarau a kan hanci, yana auna albarushi a wani sikeli ƙarami, yana rubutawa a littafi. Ko takardunsa na bindiga sun ba shi damar yin hakan, ban sani ba. Abin da na sani shi ne ya ce mini kada in share ɗakin, shi zai riƙa sharewa.

Wata rana ya tafi Madina ziyara, sai kyankyasai suka dami gidan. Matarsa, wadda nake kira Mama, ta kira masu feshi, ta ba ni makullin ɗakin ta ce in kwashe kayan kan kanta, in rage tarkace, bayan feshi in mayar. A cikin kayan akwai baƙaƙen robobi wajen shida. Biyu daga ciki kowace ba ta kai rabi ba. Na buɗe na leƙa, duk baƙin gari ne, ido ba ya bambancewa. Rubutun jikinsu na boko ne, ni kuwa ban yi boko ba. Sai na yi abin da nake yi a kicin idan robar barkono biyu suka yi ƙasa: na juye ɗaya cikin ɗaya, na jefa wadda ba komai a shara. Wallahi a lokacin gani nake gyara na yi.

Da ya dawo ya ga an shiga, ransa ya ɓaci. Ya tambaya ina roba ɗaya, Mama ta ce ai ba komai a cikinta shi ya sa aka yar. Ya juyo ya tambaye ni ko na taɓa wani abu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, sai tsoro ya kama ni, na ce ƙura kawai na goge. Ya yarda, domin ban taɓa yi masa ƙarya ba.

Bayan mako biyu, ina wanke-wanke da hantsi, na ji Mama ta ƙwalla ƙara a falo da waya a hannunta. Bindigar ta fashe a hannun Ammi. Ya rasa yatsu uku na hagu, ƙarfe ya tsaga masa kunci, kunnensa ɗaya ya daina ji. Da babban ɗansa ya zo yana bayani, na ji ya ce albarushi iri-iri ne, akwai mai zafi akwai mai sanyi, kuma wani abokin mahaifinsu ya duba robar ya ce iri biyu ne a gauraye. Na shiga banɗaki na zauna a ƙasa, na toshe bakina da mayafi.

Babu wanda ya kalle ni. Mama ta manta da zancen robar, ko kuma ba ta taɓa haɗa abin ba. 'Ya'yansa suka yanke cewa tsufa ne, kan Baba ya fara taɓuwa, shi ya gauraya da kansa ya manta. Suka kwashe bindigogin da sikelin, suka rufe ɗakin. Daga nan suka karɓe makullin motarsa. Sai kuma suka hana shi zuwa masallaci shi kaɗai. Da farko yana gardama, yana cewa shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa kuskure ba. A hankali ya daina. Idan ya manta inda ya ajiye carbi sai ya ce da Mama, kin gani, yaran nan sun yi gaskiya. Ni ce mai ɗaure masa maɓallin riga saboda hannun, ina ɗaurewa yana mini godiya.

Sau nawa na yi niyyar faɗa, ban iya ƙirgawa ba. Amma na san babban ɗan nan, mai zafin rai ne. Waya ɗaya zai buga a zo a tafi da ni, kuma ba maganar zama ba izini kaɗai ba ce, maganar jini ce. Na gaya wa wata 'yar ɗakinmu, mutuniyar Damagaram, ta riƙe hannuna ta ce in dubi Allah in dubi marayuna, in yi shiru, ai faɗar ba za ta mayar da yatsu ba. Na yi shirun shekara ɗaya da wata bakwai. Na rame, abinci ba ya shiga, in na yi sujada fuskarsa nake gani.

Da aka fara shafa fenti a bangwayen unguwarmu alamar rusau, na san zamana ya ƙare. Ranar aikina ta ƙarshe, bayan la'asar, Mama ta fita unguwa. Na kai masa shayi, na durƙusa ta gefen kunnen da ke ji, na faɗa masa komai da gurgun Larabcina. Na zaci zai kira ɗansa. Sai ya ce, “Ya binti, ashe kaina lafiya yake?” Na ce lafiya yake, Ammi. Ya sake tambaya, na sake amsawa. Sai ya rufe fuskarsa da hannun nan mai yatsu biyu ya yi ta kuka. Da ya natsu na ce a kira yaran in maimaita a gabansu. Ya ce a'a, in sun ji ba za su bar ni in ga 'ya'yana ba. Ya ce halas, wato shi ke nan, ya yafe, in tafi.

Yanzu shekarata ta uku a gida. Bara na ji ya rasu, kuma har ya koma ga Allah 'ya'yansa na ɗauka ya rikice ne. Ya rufa mini asiri da mutuncinsa, ni kuma ba ni da abin da zan yi masa sai addu'a.

'Yan'uwana masu aikatau, a Saudiyya ko a nan gida, abin da ba ki san shi ba kada ki taɓa, ko da matar gida ce ta sa ki. In kuma kin riga kin taɓa, aka tambaye ki, faɗi a take. Da na faɗa ranar da ya tambaye ni, faɗa kawai zan sha, ya zubar da robar, ya ci gaba da zuwa filinsa da yatsunsa goma. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa wannan bawan Allah cikin addu'a.