Likita Za Ta Je Koyon Likita

Na kusa cika arba'in lokacin da na koma zama benci ɗaya da sa'annin 'yata ta fari. Da yamma, in na tashi daga ƙaramin asibitin da nake aiki, sai in wuce wani lesin a cikin Zuru inda ake shirya yara don jarrabawar shiga jami'a. Ranar farko da na shiga, kaf ajin suka miƙe suka gaishe ni, a zatonsu ni ce sabuwar malama. Da na raɓa na zauna a baya na ciro biro, sai ƙus-ƙus ya tashi. Ko kallo ba su ishe ni ba. Likitanci nake son karantawa a Sakkwato, kuma Fizis ɗin da na baro tun ina budurwa ya ishe ni ciwon kai.

Maigidana soja ne, yana can gabas inda aka tura su, sai a waya muke gaisawa. Bai hana ni ba, Allah ya saka masa. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: yaranmu uku ba za su zauna hannun kowa ba sai hannun Inna, mahaifiyata. In ta yarda ta baro Dabai ta dawo gidanmu, in tafi. In ta ƙi, magana ta mutu. Na yi masifa a waya har kati ya ƙare, amma a raina na san da gaskiyarsa. Autana ko fitsarin kwance bai daina ba.

Wata Asabar na hau kabu-kabu zuwa Dabai. Na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, na jawo kujera 'yar tsugunne na sa hannu. Sai da muka gama gaisuwa da labarin awakinta sannan na kawo maganar, a hankali, kamar mai ɗauko ƙwai.

"Karatun me kuma?" ta ce.

"Likita, Inna."

Ta ɗago ta dube ni. "To yanzu ke mece ce?"

Nan fa ake yin ta. A gidanmu ko da yarenmu na C'lela ake hira, in an zo kan wannan kalma, likita ake cewa. Kuma a Dabai duk wanda ya sa farar riga ya riƙe allura, likita ne. A nan na fara aiki bayan na gama makarantar koyon aikin lafiya, na yi shekaru ina awon ciki, ina rigakafi, ina ɗinkin wanda fartanya ta sara. Tun ina gyara musu, ina cewa ni ma'aikaciyar lafiya ce, har bakina ya gaji na bari. Ita kuwa Inna, sunanta ma ya ɓace. A kasuwa, a gidan biki, Uwar Likita ake kiran ta.

Na yi bayani iya bayani. Na ce akwai wanda ke ba da magani, akwai wanda ke buɗe ciki ya ciro jariri. Ta ce to, ai ko a maƙera wani ya fi wani, amma ba a cewa ƙaramin ba maƙeri ba ne. Na ce hukuma ba ta san ni da wannan suna ba. Ta ce hukuma ce ta raɗa mini suna ko mutanen gari? Raina ya fara ɓaci, na ɗaga murya, na ce haba Inna, shekara nawa zan yi ina tura mutane babban asibiti ina kallon bayansu? Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Can sai ta nuna katangar maƙwabta da haɓa.

"In na koma Zuru, za a tambaye ni ina 'yata. In ce ta tafi koyon likita. To ita waccan fa, me za ta ji?"

Na san wadda take nufi. Matar maƙwabcinmu ce. Wata damina, ina aiki a Dabai, aka kawo ta tana naƙuda, jariri ya zo a gicciye. Na yi duk abin da aka koya mini, na sa aka nemo mota, na raka ta Zuru da kaina. Ita ta rayu, yaron bai zo da rai ba. Ba wanda ya ga laifina, ni ma na san ban yi sakaci ba. Amma tun a cikin motar nan, hannuna a kan cikinta ba abin da zan iya, na ƙudura wannan karatu.

"Kin san abin da ta ce da na je yi mata gaisuwa?" in ji Inna. "Ta ce tunda har Likita da kanta ta tsaya a kaina, to kwanansa ne ya ƙare. Da wannan ta samu ta ci abinci. Da wannan take barci har yau. Yanzu sai ta ji ashe ba likita ce ta tsaya a kanta ba?"

Na ce ai saboda ita ne ma nake son tafiya. Inna ta ce ita wannan lissafi ya fi ƙarfin kanta. Ta karkaɗe zaninta, ta ce: "Ga gidan nan, ba nisa. Je ki faɗa mata da bakinki. In kin faɗa, gobe ma sai in ɗaure kayana."

Wallahi a fusace na miƙe. Na ce abin ai mai sauƙi ne, na saɓa gyale na fita.

Na yi sallama a gidan, matar ta fito da sauri tana goge hannu a zani. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a kwanon da ba ta ba kowa sai baƙo. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi mai gida da bakin daga. Na shirya maganar tsaf a bakina, da Hausa da C'lela, na rasa ta inda zan kama. In na ce na tafi ƙarin karatu kawai, Inna za ta tambaye ta, kuma ba haka muka yi ba. In na faɗi gaskiyar, na san abin da zan ɗauke mata, ba ni kuma da abin da zan ajiye a gurbinsa. Ban taɓa jin na zama banza irin na ranar ba.

Na yi ta juya kwanon ruwan a hannuna, har ta tsargu.

"Lafiya dai, Likita? Ko akwai magana?"

Na ce lafiya lau, wucewa nake na ce bari in leƙo. Ta yi ta godiya, ta shiga ɗaki ta ƙullo mini kuka da daddawa a leda, ta rako ni har bakin zaure.

Da na koma, Inna ta dubi ledar da ke hannuna, ta dube ni. Ta matsa mini kujerar, ta turo ƙwaryar gyaɗa gabana, na zauna muka ƙarasa ɓarar.