Takobin da Taubashina Ya Ƙwace

Taubashina ne ya saka mini wasan a waya, shekarar da na gama sakandare babanmu ya zaunar da ni a rumfarsa ta albasa a Illela, in riƙa lura da masu ɗinkin buhu. Aikin ba ya cin hankali. Ka zauna, ka kalli mutum yana soka basilla, ka ce masa ya ƙara ɗaure bakin. Ranar kasuwa ce taubashin nawa ya tsallako daga Kwanni, ya tarar da ni ina hamma, ya fizge wayar daga hannuna kamar yadda ya saba fizge komai nawa.

Ɗan Gwaggo ne, ƙanwar babanmu da ke aure a can tsallaken boda. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka a al'adarmu ni ne ubangida shi ne bawa. Sai dai ubangidan ne kullum a wahale, domin duk abin da bawan ya ɗora wa hannu ya tafi ke nan. Hulata ya ɗauka, agogona ya ɗauka, har takalmin sallata ya taɓa sakawa ya koma Kwanni da shi, in na kai ƙara manya su yi dariya. A wayata ma “Bawana” na rubuta a kan lambarsa.

Wasan na mutane da yawa ne, daga ƙasashe daban-daban. Kowa ya ƙera mutuminsa, a jefo shi ƙofar wani birni mai ganuwa da 'yar farar riga, ba hula ba takalmi. Daga nan sai ka fita daji ka yi ta kashe dodanni kana tara kaya. Ni da shi da wasu da ba mu taɓa gani ba muka haɗa ƙungiya, aka ba mu gida mai rijiya a tsakar gida. In ka fita daga wasan mutuminka ba ya ɓacewa. Yana nan zaune inda ka bar shi, kai a sunkuye, har ranar da ka dawo.

Damina guda cur na yi ina bin wani dodo kafin in samu takobin. Shuɗi ne, dogo, a duk ƙungiyarmu babu mai irinsa. Na shigo gida ina taƙama, taubashina ya ce in miƙo ya gani. Ni da na san halinsa tun muna yara, na miƙa. Ya rataya a baya ya fice.

Na kira shi a take.

“Bawa, maido min takobina.”

“Wane takobi?” ya ce. “Sharata ta ta bana. Tai ka tambayi Kawu in ƙarya nika yi.”

Kuɗin sharar nan da taubashi ke karɓa wurin ɗan'uwansa duk shekara yake nufi. Na ji haushi na gaske, har kwanaki ban kula shi ba. Daga baya maganar ta zama gaisuwarmu. Duk sanda na shiga, abin da nake fara rubuta masa ke nan, shi kuma ya amsa da cewa in zo in karɓa in na isa.

Shekarar da aka rufe boda manyan motoci suka yi layi har bayan gari, albasa ta riƙa ruɓewa a buhu, mu muna zaune muna kallo. Kwanni ga ta nan, da rana tsaka kana hango eriyoyinta, amma zuwa ya zama aiki. A cikin wasan kaɗai muke haɗuwa. Sai ya fara rage shigowa. Ya ce masassara ce, tana tafiya tana dawowa. Rana ta ƙarshe mun dawo daga daji, ya zauna a bakin rijiya, ya juya fuskarsa wajen ƙofa, ya rubuto cewa cajinsa ya kusa ƙarewa.

Da safe aka kira babanmu. Na hau kabu-kabu muka bi ta daji, ta cikin yashi da gonaki, muna kauce wa inda ake tsare mutane. Ko da na isa, har an dawo daga maƙabarta, mutane na wanke ƙafafu a ƙofar gida. Na zauna a tabarma, aka yi addu'a na ce amin. Aka kawo tuwo na cinye tas, har na lura da cewa miyar ta yi gishiri. Na yi ta jiran kuka ya zo, bai zo ba, ranar ko bayanta.

Na daɗe ban buɗe wasan ba. Da na koma, sai da ya cinye mini data mai yawa yana sabunta kansa. An faɗaɗa birnin, an cika bakin ƙofa da shaguna masu walƙiya. Mutanen ƙungiyarmu duk sun watse. Na bi lungun da na sani na shiga gidanmu, sai ga shi a bakin rijiya, kai a sunkuye, fuska wajen ƙofa, takobina a bayansa. Na tsaya a gabansa. Ban ji komai ba, amma ban fita daji ba ranar. Na rubuta masa, “Bawa, maido min takobina,” na kashe wayar.

Haka na riƙa yi. In yi wata ko watanni ban leƙa ba, sai wata rana a rumfa, ana loda buhunan albasar ƙauyen Gidan Katta, in buɗe. Kowace komawa da abin da aka canza. An zo an saka maɓallin da mutuminka zai riƙa yaƙi da kansa kana kallo. An cire dodon da na sha wahala a kansa, an sa wani mai fukafukai. Takubba irin nawa suka zama tsohon yayi, yara masu kuɗi na yawo da waɗanda suka fi shi haske. Gidanmu dai ba a taɓa shi ba. In shiga, in tsaya, in rubuta maganata, in fita. Ban taɓa gaya wa kowa ba, domin ban san yadda zan faɗe ta ba tare da an dube ni ba.

Sai wata rana sanarwa ta tare ni tun daga ƙofa. Kamfanin zai haɗe tsofaffin birane wuri guda, kuma duk mutumin da mai shi ya daɗe bai shiga ba za a goge shi a ƙarshen wata, shi da kayansa. Na karanta, na sake karantawa. Ba a neman komai wajen shiga sai lambar waya, a turo maka wasu lambobi ta saƙo. Layinsa kuwa yana raye. Gwaggo ce ta riƙe wayar, da ita take kiranmu, duk sanda ta kira sai in ga “Bawana” ya fito. Amma ba ta karatun boko, kuma ba maganar da zan yi mata ta waya ba ce. Lokacin hanya ta ɗan yi sauƙi, na shirya na tafi.

Na same ta da hantsi tana tsinkar zogale a inuwar ɗaki. Muka gaisa, ta tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, ta ba ni ruwa. Na ce mata akwai wani abu na marigayi a cikin waya da nake son in duba. Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini wayar ba ta tambayi komai ba.

Na buɗe wasan a wayata, na fita daga nawa mutumin, na saka lambarsa. Wayar Gwaggo ta yi ƙara, na kwafi lambobin. Hoton ya buɗe a bakin rijiya. Mutumin ya ɗaga kai, ya miƙe tsaye, ya karkaɗe jiki.

Wannan ban yi tunaninsa ba ko kaɗan. Duk hankalina yana kan kada a goge shi, na manta cewa shiga tana tayar da mutum. Zaman da ya yi da hannunsa, wanda na yi ta zuwa kallo, na ɓata shi cikin ƙiftawar ido.

Gwaggo ta matso tana leƙe.

“Wanga mi na?”

“Mutuminai na, Gwaggo. Na cikin wasa.”

“Ƙato haka? Shi da ba ya da nama ko kaɗan.” Ta ɗan murmusa, ta ƙara matsowa. “Kayan ga da ag garai hwa?”

“Nashi na. Shi yat tara su.”

Ta ajiye zogalen. Ta ce bayan rasuwar sun fitar da komai sadaka, riguna da huluna da takalma, har bargon da yake rufa da shi, abin da ya rage kuma malam ya raba gado. Ita tana cewa sun gama.

Na ce mata ai waɗannan ba kayan gaske ba ne, zane ne kawai.

“Ya wahala kahin shi same su?”

“Ya wahala.”

“Akwai mabukata can ciki?”

Na tuna da sababbin shiga da ke tsaye a ƙofar birni da farar riga. Na ce akwai.

“To kaya na,” ta ce. “Hidda mai su.”

Ban yi gardama ba. Ba na jin ina da ƙarfin gardama a lokacin. Na tuƙa shi ta cikin lunguna har ƙofar birni, inda sababbi ke faɗowa. Na cire sulken na ba wani, hular na ba wani, takalman, zoben, jakar magunguna. Yawancinsu suna karɓa su ruga. Ɗaya ya rubuto wani abu da yaren da ban sani ba. Kowane na miƙa, Gwaggo ta ce Allah ya kai ladan kabarinsa, ni in ce amin.

Saura takobin. Na yi niyyar in bar shi in ce mun gama, sai ta sa yatsa a kan wani jan ɗigo da ke ta ƙyaftawa a gefe.

“Wanga hwa da ka ta ƙibta ido?”

Saƙonni ne da ba a buɗe ba. Na taɓa, suka zubo, layi bayan layi, duk magana ɗaya. Ta ce in karanta mata. Da na yi mata ƙarya da ta wuce, amma bakina ya riga ni. Na karanta, na ce ni ne na rubuto, takobin nawa ne, ƙwacewa ya yi.

Fuskarta ta canza.

“Dut wanga kai na? Har bayan ya tahi kana aiko mai?”

“Wasan taubasai na, Gwaggo. Kin san halinmu.”

“Na san wasa. Ni ma ina da taubasai.” Ta ɗauki ganyen zogale tana murzawa a yatsunta. “Ranar da anka aje shi, liman ya tambaya ko akwai mai wani hakki bisa kainai. Kowa ya ce ya yahe. Kai ba ka nan. Ashe yaron nan yana kwance da abin mutum, mai abun kuma yana ta kira.”

Na ce wallahi ba haka ba ne.

“To in jiya daga bakinka. Ko ka amshi abinka, ko ka yahe.”

Maɓalli ɗaya zan danna takobin ya koma wurin mutumina. Ba na so. Ba takobin nake so ba, tun da daɗewa. So nake ya zauna a bayansa, domin muddin yana can, faɗanmu bai ƙare ba, ina da abin da zan zo in ce. Na dubi Gwaggo, tana jirana.

“Na yahe mai,” na ce. “Duniya da lahira.”

“Madalla. Allah shi yi ma albarka.” Ta sauke ajiyar zuciya. “To ya zama nashi ke nan. Hidda shi shi ma.”

Lissafinta daidai ne. Wani sabon shiga yana tsaye kusa, yana ta juyi bai san inda zai nufa ba. Na miƙa masa. Matsayinsa a wasan ma bai kai ya rataya shi ba, jefa shi ya yi a jaka ya bi ta ƙofar yamma.

Mutumin taubashina ya rage da 'yar farar rigar da aka jefo shi da ita, ba hula ba takalmi. Na mayar da shi gida, na kai shi bakin rijiya, na danna ya zauna. Ashe har zaman an canza. Yanzu tanƙwashe ƙafa ake yi, kai a ɗage. Na tayar da shi na sake, na juya shi wajen ƙofa, na sake. Bai koma yadda yake ba.

Gwaggo ta ce yau ta huta. Ta ɗaura mini zogale a leda in kai wa mahaifiyata, ta raka ni har zaure. A hanya mai kabu-kabu yana ta ba ni labarin tsadar mai, ina amsa masa da to.

Ƙarshen wata ya zo aka haɗe biranen, ba a goge shi ba. Abin da na je nema na samu. Bayan 'yan kwanaki ina rumfa, masu ɗinki sun tafi salla, na shiga da nawa. An sake wa lungunan fasali, sai da na ɓata kafin in gane gidan. Yana nan a bakin rijiya da farar riga, zaune yadda ni na zaunar da shi. Na buɗe wurin rubutu kamar kullum, yatsana ya tsaya a kan haruffan. Na riga na yafe, babu abin da nake binsa. A nan ne na ji kewarsa ta kama ni, karo na farko tun ranar tuwon nan. Na zauna riƙe da wayar har hasken fuskarta ya mutu, masu ɗinki suka dawo suka tambaye ni inda na ajiye zare.