Yadda Waya Ta Sa Na Tsallake Gwaggo Babba

Ni haifaffen cikin birni ne, kuma na daɗe ina alfahari da hakan fiye da kima. Daga zauren da nake ɗinkin manyan riguna a kusa da Ƙofar Kuyambana zuwa kowane lungu na cikin ganuwa, ko ido aka ɗaure mini zan kai kaina a kan mashin. Na san lungun da ake sauka a tura saboda dattawa na zaune, na san wanda kwata ta cinye rabinsa. Matsalata ta faro ne da dangi suka soma ficewa. Gidan gado ya yi mana kaɗan, wannan ya sayi fili a bayan Tukur-Tukur, wancan ya gina can gaba da Tudun Jukun, a unguwannin da ko'ina katangar bulo ce da baƙin get. A can ni baƙo ne, ko da yake ban taɓa yarda na faɗa a gaban mutane ba.

Da aka sa ranar auren babbar 'yata, sai rabon goro ya taso. A gidanmu ba a aika wa manya kati ta waya, ba a kuma aiken kowa. Uban amarya ne da kansa yake ɗaukar goro da alewa ya bi gida-gida. Kuma akwai tsari: daga babba ake farawa a gangaro. Babbar kuwa ita ce Gwaggo babba, yayar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage mana a matsayinsa tun da Allah ya yi masa rasuwa. Ita ce take yi wa duk amaryar gidanmu nasiha, ita take kama hannunta ta danƙa ta amana ga dangin miji. In ta ce ba ta zuwa, to aure zai ɗauru, amma za a shekara ashirin ana zancen cewa 'yata ce aka kai ba Gwaggo. Mace ce mai raha da kyauta, sai dai ba ta ɗaukar raini ko kaɗan.

Shekara biyu kafin nan ɗanta ya ɗauke ta daga cikin birni ya mai da ita sabon gidansa a bayan gari. Muna haɗuwa a wurin suna da gaisuwar mutuwa, ina kuma kiranta a waya, amma ban taɓa taka gidan ba. Kullum ina cewa sai Juma'a mai zuwa.

Gida tara ne zan je a wajen ganuwa, kuma biyu kawai na sani sosai. Da na yi wannan ƙorafi a zaure, sai abokina Alhaji, wanda ya yi aiki da masu haƙar rijiyar burtsatse har ya yi ritaya, ya ce in kwantar da hankalina. Washegari ya zo da wata na'urar nuna hanya da aka yi musamman domin babur, baƙa mai kauri kamar sabulun wanki, da maƙalinta na ƙarfe. Ya ce da ita suka zaga dazuzzuka, ruwa ba ya shigarta, rana ba ta kashe haskenta, ba ta cin data, ba ruwanta da sabis. Ya ce in riƙe aro, in ta yi mini daɗi in nemi tawa. Har a buta ya ɗebo ruwa ya tsiyaya mata don in gani, mutanen zaure suna ta mamaki.

Da na shiga da ita gida, maiɗakina, wadda malamar makaranta ce, ta juya ta sau biyu ta ajiye. Ta ce me zai sa mutum ya ɗauko wani kaya alhali wayar da ke aljihunsa tana da manhajar taswira. Ta ce dangi duk za su turo alamar gidajensu ta waya, dannawa ɗaya kawai zan yi. Ita kuwa na'urar Alhaji sai an zauna an shigar mata da dogayen lambobi, wuri ɗaya bayan ɗaya, kuma taswirar cikinta ta tsufa. Muka gwada, ta yi gaskiya. Unguwar da Gwaggo take, na'urar ta nuna ta fili fetal, ba gida ba layi, sai ɗigo ɗaya a tsakiyar fari.

Kwana uku ina tsakanin mutum biyu. Alhaji ya ce waya za ta yi zafi a rana ta mutu, girgizar hanya za ta lalata ta, ɓarawo zai fizge, kuma damina ce. Maiɗakina ta ce a gaya wa Alhaji yanzu ba rijiya za a haƙa ba, gidan mutane za a je. Ni kuma a raina abin da ya fi damuna shi ne lambobin nan. Idona da allura ya saba, ba da ƙananan madannai masu tauri ba. Ita kuma wayar magana take yi, wata mata ce a ciki mai ladabi, ta ce ka yi dama, ta ce ka yi hagu, ko ka saɓa mata ba ta fushi. Na gaya wa maiɗakina cewa wannan hali ya burge ni, ta ce in ci gaba da burgewa, ita tuwo za ta kwashe. A ƙarshe dai na zaɓi waya, na sa wani mai gyara ya ɗaura mini maƙali a tsakanin madubai biyu.

Ranar Asabar da safe maiɗakina ta jera gidajen tara a cikin manhajar bisa tsarin gidanmu, Gwaggo babba a sama, ƙanwarta Gwaggo ƙarama ta biyu, sauran na biye. Na ɗaure buhun goro a baya, ƙunshi tara a cikin jiƙaƙƙen ganye, na Gwaggo babba ya fi kowanne girma. Ina fita ƙofar gari na ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Na tsaya na dubi wayar, sai ga wani rubutu ya fito yana tambaya ko ina son hanya mafi gajarta. Wane ne ba ya son gajeriyar hanya ga hadari a sama? Na danna. Ni a zatona gajeriyar hanyar zuwa gidan Gwaggo babba take nufi. Ashe ita gidajen tara ta zubar ta sake jerawa, na kusa a farko, na nesa a ƙarshe. Ba ta san babba ba, ba ta san ƙarami ba, nisa kawai ta sani.

Na bi matar nan sau da ƙafa. Ta ce dama, na yi dama, ta ce hagu, na yi hagu, ina ta yaba mata a zuci har ina tausayin Alhaji. Ba a jima ba ta ce na iso. Na ɗaga kai ina neman get ɗin da ban sani ba, sai na ga mijin Gwaggo ƙarama zaune a kan tabarma yana sauraron rediyo. Ashe gidan Gwaggo ƙarama ta kawo ni. Kafin in juya kan mashin ya riga ya ɗaga hannu yana maraba, idonsa a kan buhun.

Duk wanda ya san mu ya san ba yadda za a yi ka zo ƙofar surukin gidanku da goro a baya, ya gan ka, ka ce masa kuskure ka yi, ba shi ka zo wa ba tukuna. Na sauka, na cire takalmi, na durƙusa. Aka yi mini iso. Gwaggo ƙarama ta karɓi ƙunshinta ta rangaɗa guɗa, ta sa albarka, ta tambaye ni yadda na baro yayarta. Na yi tari, na ce ai can na nufa. Ta dube ni, ta dubi goron, sai na ga murmushi yana neman ƙwace mata. Shekara saba'in tana bayan yayarta a komai, yau ga shi ta riga ta. Ban gama sa takalmi ba na ji tana neman wayarta.

Na ce a raina in na yi sauri zan riga labari isa. Na dawo da sunan Gwaggo babba saman jerin da kyar, na ja mashin. Sai kira ya fara shigowa. Kowane kira kuwa sai ya rufe taswirar ruf. Kawuna ne na farko, ba a ƙin ɗaga wayar kawu, kuma ba a amsa masa ana gudu. Na faka, muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa, sannan ya ce ya ji wani abu. Bayansa yayata, bayanta maiɗakina, wadda abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, me ka danna?" Ina cikin ba ta amsa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na cusa wayar a leda, ledar ta yi gumi, ban ƙara ganin komai ba sai muryar matar nan tana cewa in juya. A nan ne na tuna na'urar Alhaji da butarsa, tana can a kan taga a bushe, ba mai kiranta.

Sai bayan azahar na isa, jiƙe sharkaf, laka har gwiwa. Na tarar da Gwaggo babba a falo a kan darduma, carbi a hannu. Ta amsa sallamata, ta sa aka kawo mini tawul da kunu mai zafi, ta bar ni na sha. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da faɗa. Na tura ƙunshin gabanta, ba ta taɓa ba.

Na zayyana mata komai, hadari da dannawa da matar cikin waya. Na ce laifin manhaja ne, wallahi sunanta ne a sama. Ina tsammanin za ta ce ƙarya nake yi. Sai ta yi dariya har da share ido, ta sa na maimaita wurin da na ga mijin ƙanwarta. Na fara sakin jiki. Sannan ta ajiye carbin.

"To na ji, ɗan nan. Goro ko yaushe ya zo goro ne, ƙanwata kuma ta ci wannan, na bar mata. Abu ɗaya nake tambaya. Gidana ne sai da waya ta nuna maka?"

Kunya ta rufe ni irin wadda rabona da ita tun ina yaro. Matar da ta goya ni lokacin da mahaifiyata take jinya, shekara biyu tana sabon gida a gari ɗaya da ni, ban san launin ƙofarta ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya huci zuciyarki, Gwaggo. Na yi laifi."

Ta jawo ƙunshin, ta kwance, ta zaɓi fari ɗaya ta ɓare. Ta ce za ta zo, amma da sharaɗi. Ranar kai amarya ni zan zo in ɗauke ta da kaina, ba motar ɗanta ba, kuma in bar wayar a gida. Za ta kira lambata da safe, in ba matata ce ta ɗaga ba, to in nemi wata gwaggon.

Da na ba Alhaji labari ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce da na'urarsa na ɗauka da hakan ba ta faru ba, ita wuri ɗaya ka ba ta wuri ɗaya za ta kai ka, ba ta da kaifin kan da za ta sake wa mutum tsarin danginsa. Ya ce in ɗaura ta ranar, ai Gwaggo waya ta hana. Na ce masa ba zan yi wa Gwaggo wayo ba, ina so in ga jikokina, na mai da masa kayansa da godiya. Wayar dai ita na ci gaba da amfani da ita wajen kai wa masu ɗinki rigunansu, amma duk sanda ta tambaye ni gajeriyar hanya sai in ce mata a'a da ƙarfi, kamar tana ji.

Kwana huɗu a jere ina rufe zaure bayan la'asar in tafi koyon hanya kamar ɗan makaranta. Injin niƙa, sai a sha kwana ta biyu, sai darbejiya mai karyayyen reshe, sai gida mai shuɗin tanki. Rana ta farko na ɓata sau biyu. Kuma tun da na je ƙofar, ba dama in juya ban shiga ba, don haka kullum sai na zauna na ci abinci na ji labarin mahaifina da ban taɓa ji ba.

Ranar kai amarya na isa tun hantsi, aljihu ba komai. Na tarar ta shirya cikin sabon leshi, ta ce ta kira, matata ce ta ɗaga. Ɗanta ya yi ta roƙo ta shiga mota in ja gaba su biyo ni, ta ƙi. Ta hau bayana, ta riƙe kafaɗata da hannu ɗaya. Duk tsawon hanyar ba ta ce dama ba, ba ta ce hagu ba. A wata mararraba na ɗan rage gudu ina shakka, sannan na karya hagu, sai ga injin niƙa. Ban taɓa murnar ganin injin niƙa haka ba.

Da muka shigo ta Ƙofar Kuyambana na tsaya a ƙofar gida, mata suka fito tarbarta da guɗa. Ta sauka a hankali, ta gyara mayafi, ta matso kusa da kunnena yadda ba wanda zai ji.

"Yanzu ka san hanya," in ji ta. "Ba ka da sauran hujja."