Inji Uku a Filin Majami'a

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa aka ɗora mini sayen injin yankan ciyawa, ni da ko janareta ban taɓa tayarwa ba. Filin da ke gaban majami'armu a Kafanchan babba ne, ciyawar damina kuma a wajenmu ba ta jira. Mu 'yan zumuntar mata ne ke fita da langalanga ranar Asabar, mu sassare, mu koma gida da kanta a tafin hannu. Kafin sati biyu ta sake kai gwiwa. Ranar da wata 'yar'uwa ta kusa taka kububuwa a bakin famfo, aka yanke shawarar sayen inji. Shugabarmu ta dube ni ta ce, "Malama, ke ce mai karatu, ke za ki je."

Ni kuwa tarihi na koyar. Sai na hau babur zuwa Madakiya wajen Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana gyaran kan jirgin ƙasa kafin ya koma gona. Bai bari na gama bayani ba ya shiga ɗaki ya fito da sifana a aljihu.

Muka je shagon wani Alhaji a kasuwa, mai sayar da injin ban ruwa da na niƙa. Shagon gadonsa ne, sun san juna da Kawu tun suna samari. Injin ciyawa uku gare shi. Akwai ja, sabo fil, yana ƙyalli, da buhun tara ciyawa a baya, shi ne kuma mai araha. Akwai kore, na hannu, ɗan Beljiyam, fentinsa ya koɗe amma ya fi duka tsada. Na ukun yana can lungu, baƙi, ba shi da wani fasali, ko buhu babu.

Ni jan ne ya shiga raina. Kawu bai ko dubi fentinsa ba. Ya sa aka karkata shi, yana gargaɗin a bar gefen kafireta, wato mashigar fetur, a sama kada baƙin mai ya kwarara ciki, ya durƙusa ya ƙwanƙwasa cikinsa da sifana.

"Kin ji?" ya ce da ni.

"Na ji ƙara."

Ya matsa wajen koren ya buga. "Yanzu fa?"

Abin mamaki, na ji bambancin. Na farko kamar an bugi gwangwanin madara, na biyu kamar tukunyar ƙarfe. Ya kama hannuna ya ɗora a kan taya. Ta jan roba ce zalla, tana lilo a kan ƙusarta. Ta koren tana juyawa sumul, ba ta motsi gefe. Na shiga jero tambayoyi kamar 'yar aji ɗaya, Kawu yana amsawa. Me ya sa wuƙar wannan ta lanƙwashe a baki? Don ta ɗaga ciyawa sama kafin ta yanke. Me ya sa ƙarfe mai kauri, tunda ciyawa ba ta da tauri? Don ba ciyawa kaɗai ke filin ba, akwai tsakuwa.

"Koren za ki ɗauka," in ji Kawu. "Wannan ƙarko gare shi, zai binne mu duka."

Alhaji ya yi dariya. "Abokina, inji ne na gaske, ban musa ba. Amma ranar da wani abu ya lalace a ciki, ni dai ba ni da kayansa. Ko a Kaduna ban san mai shi ba."

Suka yi ta musu. Can Alhaji ya ce shi kansa bai taɓa ganin ukun suna aiki a fili ɗaya ba, kuma yana son ya gani. Bayan la'asar ya loda su a a-kori-kura, muka nufi majami'a. Kafin mu iso mata sun taru, Fasto ma ya fito daga ofishinsa.

Jan ya tashi a jan igiya na farko, mata suka rangaɗa guɗa. Ya yi gudu a inda ciyawa ke gajeriya, amma da ya shiga mai tsawo, mai danshi, sai ya shaƙe ya mutu. Aka tono cikinsa, aka sake tayarwa, ya sake mutuwa. Koren bai damu da tsawo ba, ya ratsa kamar ba komai. Sai shugabarmu ta ce a ba ta ta tura, tunda mu ne za mu yi aikin. Ta kai shi tsakiyar fili da ƙyar, ta tsaya tana haki, ta ce, "Wannan sai an ɗaura masa shanu." Na gwada ni ma. Juya shi a kwana kaɗai ya sa kafaɗata ta amsa.

Baƙin ya fi su ƙara, yana kuma watsa ciyawa gefe, dole a bi da tsintsiya. Amma ya yanke, kowaccenmu kuma ta iya tura shi. Na tsuguna ina duba shi, sai na ga kansa ya yi kama da wani abu da na sani.

"Kawu, wannan ba irin injin ban ruwanka ba ne?"

Ya sa tabarau ya leƙa, ya daɗe. "'Yan gida ɗaya ne," ya ce. "Fulogi ɗaya, igiya ɗaya." Alhaji ya ce duk mai gyaran injin ban ruwa daga nan har Kagoma zai iya buɗe shi.

Shi muka saya. Kawu bai ji daɗi ba, har yau in zancen ya taso sai ya ce mun bar inji mun ɗauki ƙaninsa.

Damina huɗu ke nan yana aiki. A ta biyu tayoyin baya suka fashe, mai walda ya sa masa na baro, ya ɗan yi tsayi ta baya, sai ya fi daɗin turawa. Ni ke canza masa baƙin mai, ni ke kwance wuƙar in kai wa maƙeri ya wasa.

Abu ɗaya ne har yanzu ban gane ba. In an yi ruwa da safe ba ya tashi, ko sau ashirin aka ja igiya, sai an fito da shi rana ya sha kamar rabin awa. Na canza fulogi, na wanke kafireta, ba abin da ya sauya. Kawu ya ce danshi ne ke shiga wayar wuta. Alhaji ya ce fetur ɗinmu ne ke da ruwa. Satin da ya wuce na naɗe wayar da robar tsohon tiyo, na kuma sayo fetur daga wani gidan mai dabam, sai daga baya na tuna cewa in ya tashi ba zan san wanne ne ya gyara shi ba. Na kwance robar. Yanzu ina jiran a yi ruwa.